Yadda na kwance goyon x: daga shagon Kawu zuwa ɗakin jarrabawar bak

Karon farko da na zauna jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare a Nijar, a sashen D na kimiyya, lissafi ne ya kayar da ni, kuma har yau ina iya nuna daidai wurin da ƙafata ta zame. Babbar tambayar da ke ɗauke da mafi yawan makin takardar ta fara da wani ɗan gajeren layi, inda x ya haye bisa kan e aka ce a nemo shi. Na kasa wannan layin, alhali duk tambayoyin da suka biyo baya a kansa aka jera su, kamar bulo a kan harsashin gini. Na yi zaman awa huɗu ina cizon bik, na fito da 04 bisa 20, ko zagaye na biyu ban samu ba. Daga nan na naɗe kayena na koma shagon Kawu a kasuwa, inda muke sayar da kayan gyaran babura, na shekara uku tsakanin buji da sarƙa da taya. Abin da ya tashe ni shi ne ranar da ƙanwata ta shiga tarminal, ajin ƙarshe na lise, ta zo mini da kayenta na rubutu ta ce, "Yaya, mene ne ainihin wannan ln ɗin?" Na rasa ta cewa, sai na ce ta je ta tambayi malaminsu. Daren nan ban runtsa da kirki ba. Ina rubuta wannan ne saboda duk wanda ke tsaye inda na tsaya a lokacin, musamman wanda ya bar lakwal ya daɗe, yana son komawa amma tsoron eksponansiyel, wato wannan lissafin da x ke hawa kan e, ya riƙe masa ƙafa.

Na fara da takardu, domin wanda ba ya cikin wata lise sai ya yi rajista a matsayin mai zaman kansa, abin da muke ce wa kandida libir. Na je ofishin da ake karɓar takardun tun da sassafe, na kwafi jerin abin da ake buƙata daga allon sanarwa da hannuna. A shekarar an nemi takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, kwafin BEPC (takardar kammala kwaleji), takardar makin bak ɗin da na faɗi, hotuna, takardar neman izini da mutum zai rubuta da hannunsa, da rasiɗin biyan kuɗin rajista. Kowane kwafi sai an kai shi ma'aikatar magajin gari an manna tambur an buga hatimi. Hotokofi a lokacin dala biyar-biyar ne kowane shafi, amma kuɗin kabu-kabu ne ya ci ni, don sau uku na je wurin hatimin. Zuwan farko na tarar da layi har bakin ƙofa, rana ta take ban kai ba. Zuwa na biyu ma'aikacin ya ɗaga takardar haihuwata da ta BEPC ya jera su, ya nuna mini da bakin bik cewa sunan mahaifina a ɗaya yana da harafi guda fiye da na ɗayar. Ban taɓa lura ba, shekara da shekaru. Gyaran wannan harafin ya ɗauke mini kusan mako uku na zirga-zirga, kuma da ban fara da wuri ba da an rufe karɓa ina kan hanya. Don haka tun yau ka fito da takardunka ka jera su a tabarma, ka bi sunanka da na mahaifinka da ranar haihuwarka harafi-harafi. Jerin abin da ake nema kuma ka karanto shi da idonka, kada ka dogara da na wanda ya yi bara.

Da rasiɗi ya shiga aljihuna sai na koma ga ainihin ciwon. Wani abokin fadarmu ya kwatanta mini gidan wani tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, a unguwar Zariya, yana karantar da 'yan tarminal a zaurensa bayan sallar isha'i. Muka shirya a kan jika biyar a wata, dare uku a mako. Kawu da ya ji kuɗin ya yi shiru, can ya ce, "To ɗan nan, idan karatun za ka yi da gaske, ni zan biya, amma kada in ji ka a fada." Daren farko malamin, wanda muke kira Mushe, bai tambaye ni komai game da faɗuwata ba. Ya jawo wani ƙaramin allo da ya jingina da bango, ya rubuta eˣ = 5, ya miƙo mini alli. Na ɗan yi jim, na rubuta x = 5/e. Ya dubi abin da na rubuta ya ce, "Ɗana, ka raba biyar da e kamar e da x ninka juna suka yi. Dubi inda x yake zaune. A gefen e yake ko a bayanta?" Na ce a sama yake. Ya ce, "Goyo ne. E ta goya shi. Duk aikinmu na wata biyu masu zuwa shi ne koyon kwance goyo ba tare da mun kayar da yaron ba." Sannan ya ce in dawo jibi da na'urar lissafi ta kaina.

A nan na yi asarar farko. Na ɗauko ta shagonmu, irin mai manyan maɓallai da muke haɗa kuɗin ciniki da ita, sai Mushe ya juya ta ya ce wannan ta 'yan kasuwa ce, ba ta san ln ba. Washegari na zaga shagunan littattafai na samo irin ta 'yan makaranta a kan jika shida, bayan ciniki mai tsawo. Ya gargaɗe ni da kada in sayi mai ajiye rubutu a cikinta, kada a karɓe ta a bakin ƙofar jarrabawa, kuma kada in saba da ta cikin salula tunda ba a shiga da waya. Kafin ka biya, ka danna ln 1 a gaban mai shagon, ya kamata ta ba ka 0. Ka danna ln 2, ta ba ka 0,693. Kuma ka sani mu a kaye waƙafi muke sawa tsakanin lamba da gutsurenta, ita kuwa na'urar ɗigo take sawa. Wani yaro a zauren ya taɓa karanta 1.609 a matsayin dubu ɗaya da ɗari shida da tara, ya rubuta haka da gaba gaɗi.

Darasin da ya buɗe mini ido shi ne na biyu, kuma abin mamaki Mushe ya hana ni taɓa maɓallin ln a ranar. Ya ce e lamba ce kawai, kusan 2,718, kamar yadda pi yake kusan 3,14. Ya sa na danna e¹, na samu 2,718. Na danna e², na samu 7,389. Ya ce, "Biyar tana ina?" Na ce tsakaninsu. "To x yana tsakanin 1 da 2. Matsa." Na gwada 1,5 na samu 4,482, bai kai ba. Na gwada 1,7 na samu 5,474, ya zarce. Na gwada 1,6 na samu 4,953. Na gwada 1,61 na samu 5,003. Na fi minti ashirin ina wannan laluben, kamar mai neman daidai wurin da ƙarar injin babur za ta zauna. Sai ya ce yanzu danna ln 5. Na danna, 1,609 ta fito. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Shekara guda cur na yi a tarminal ina haddace dokokin ln kamar karatun aku, ba wanda ya taɓa ce mini ln 5 amsar wata tambaya ce mai sauƙi: wace lamba zan goya wa e don in samu biyar? Shi ke nan. Saboda haka ln(eˣ) = x, don idan ka tambaya wa ke goye a bayan e a cikin eˣ, ai x ne. Ban ga laifin malaman da suka karantar da ni a da ba, aji cike yake kuma manhaja na korarsu, amma ina ganin minti ashirin ɗin nan sun fi wata guda na hadda amfani.

Mushe mutum ne mai son labari, kuma yayin da ake jiran shayi ya nuna yakan ba mu tarihin abin. Ya ce sunan da muke kira, logaritim neperiyan, daga John Napier ya samo asali, wani mutumin Sikotilan da ya fitar da littafinsa a 1614, Faransawa suka mai da sunansa Neper. A zamanin babu na'ura, masu nazarin taurari da matuƙa jirgin ruwa na kwana suna ninka manyan lambobi da hannu, shi kuwa ya kawo dabarar da ke mai da ninkawa ta zama tarawa. Wannan ce dokar ln(a × b) = ln a + ln b da muke rubutawa. Ita lambar e ɗin Jacob Bernoulli ya ci karo da ita a 1683 yana lissafin kuɗin ruwa, harafin e kuma Leonhard Euler, mutumin Suwizalan, shi ya raɗa mata. Na riƙe labarin Napier ne saboda daga baya shi ya cece ni daga babban kuskurena.

Mako na biyu muka shiga inda e ba ita kaɗai take tsaye ba. Ya rubuta 3e²ˣ = 21. Ya ce, "Mace ta dawo daga rijiya da tulu a ka da goyo a baya, me za ta fara yi?" Muka ce sauke tulun. Ukun nan ita ce tulun. Ka raba ɓangarorin biyu da 3, ya zama e²ˣ = 7. Yanzu e ta tsaya ita da goyonta, sai ka kawo ln a hagu da dama: 2x = ln 7, wato x = (ln 7)/2, kusan 0,973. Wannan na kama shi da wuri. Amma da ya ba mu aikin gida 2eˣ + 3 = 13, sai tsohuwar cutata ta motsa. Na zuba ln a kan kowane guntu daban, na rubuta ln 2 + x + ln 3 = ln 13, na samu x kusan 0,773, na kawo ina murna. Bai ce mini daidai ne ko kuskure ba. Ya ce in mai da amsata cikin tambayar. Na danna, biyu sau e mai goye da 0,773, a tara da uku, sai ga 7,33 maimakon 13. Na ji kunya, amma ban gane inda na kauce ba. Ya rubuta ln(1 + 1) a gefe ɗaya, ln 1 + ln 1 a ɗaya gefen, ya ce danna. Na farko ya ba da 0,693, na biyu ya ba da sifili. Ya ce, "Napier ninkawa ya mai da tarawa. Tarawa bai mai da ita komai ba. Idan ka ga alamar tarawa a cikin ln, babu dokar da za ta raba maka ita." Hanyar ita ce a fara kwashe ukun, 2eˣ = 10, a raba da biyu, eˣ = 5, sannan x = ln 5. Na tabbata wannan kuskuren ne na yi a bak ɗina na farko. Tun daga daren ban ƙara miƙa amsa ba sai na mai da ita cikin tambayar na ga ta zauna.

Akwai wani tarko a jikin na'urar kanta. Maɓallin log da na ln maƙwabta ne, kuma ba abu ɗaya suke yi ba. Log na tambayar abin da aka goya wa 10 ne, ln na tambayar abin da aka goya wa e. Wani dare wuta ta ɗauke, muna aiki da fitilar hannu, na danna log 7 a maimakon ln 7, na samu 0,845 a inda ya kamata in ga 1,946. Abin da ya fiɗɗa ni shi ne laluben nan na darasi na biyu: na san e² ya kai 7,389, to ln 7 dole ya kusanci 2, ba yadda za a yi ya gaza 1. Ka riƙe lambobi uku a ka, ln 2 kusan 0,693, ln 3 kusan 1,099, ln 10 kusan 2,303, za su riƙa tsare ka daga irin wannan.

Lokacin hunturu, muna zaune a zauren kowa ya ƙudundune cikin bargo, ƙura ta rufe gari, muka kai ga irin wanda ya fi fitowa a bak. Ya rubuta e²ˣ − 5eˣ + 6 = 0. A nan ba tulu ɗaya ba ne da za a sauke, e biyu ne kuma ba su haɗuwa. Na gwada duk abin da na sani na gaji. Dabarar ita ce ka lura e²ˣ ba komai ba ne illa eˣ sau eˣ. Sai ka raɗa wa eˣ sabon suna, ka ce X babba. Lissafin ya koma X² − 5X + 6 = 0, wanda ɗan aji na baya ma yana warwarewa da delta, wato b² − 4ac. X ya zama 2 ko 3. Da yawa a nan suke ajiye bik, sun manta ƙaramin x aka aike su nema. Sai an koma: eˣ = 2 ya ba da x = ln 2, eˣ = 3 ya ba da x = ln 3. Da na iya wannan sai ya canza alamomi, ya ba ni e²ˣ − eˣ − 6 = 0. X ya fito 3 da −2. Na danna ln na −2, na'ura ta rubuta mini kuskure, na ɗauka lalacewa ta yi har ina bubbuga ta a tafin hannu. Mushe ya ce, "Lafiyarta ƙalau, gaskiya ta faɗa maka. Goya wa e duk abin da ka ga dama." Na goya mata −5, ta ba da 0,0067. Na goya mata −20, ta ba da wata 'yar mitsitsiyar lamba, amma har yanzu tana saman sifili. Eˣ ba ta taɓa zama sifili, balle ta gangara ƙasa da shi. Don haka eˣ = −2 ba shi da amsa, a jefar da shi, amsa ɗaya ce, x = ln 3. Ya nanata cewa a rubuta dalilin jefarwar a takarda da kalmomi, domin mai gyara yana ba da maki a kan wannan layin.

Sai wata tambaya da ni na kawo ta da kaina: idan ba e ce ta yi goyon ba fa? Ya ce ln ba ta zaɓen uwa. A 2ˣ = 10, ka sa ln a ɓangarorin biyu, dokar ln(aˣ) = x ln a ta sauko da x ƙasa, ya zama x ln 2 = ln 10, wato x = ln 10/ln 2, kusan 3,32. Ka duba da hankalinka, 2³ takwas ne, 2⁴ sha shida ne, goma na tsakani. A kula, ln 10 a raba da ln 2 daban yake da ln 5, na ga waɗanda suka haɗa su. A irin wannan ne kawai ko log ka danna sama da ƙasa amsar ɗaya za ta fito, kuma shi ya sa wasu ke zaton maɓallan biyu duk ɗaya ne. Misalin da Mushe ya ba mu a daren bai bar raina ba. Ya ce ƙidayar 2012 ta samu mutum 17.138.707 a Nijar, ana ƙaruwa da kashi 3,9 cikin ɗari a shekara. In aka ɗore a haka, shekara nawa za a yi mu ninka biyu? Muka rubuta 1,039ⁿ = 2, n = ln 2/ln 1,039, wato 0,693 a raba da 0,0383, kusan shekara 18. Zauren ya yi tsit. Ya ce, "Yaron da aka haifa ranar ƙidayar, kafin ya zauna bak mutanen ƙasar sun ninka biyu. Ku da za ku gina azuzuwa da asibitoci, wannan lissafin naku ne." Ni da na yi karatun firamare a ajin zana, na san abin da yake nufi.

Tuntuɓe na ƙarshe a jarrabawar gwaji na yi shi, cikin zafin watan Afrilu, wadda wata makaranta mai zaman kanta ta bari mu 'yan waje mu zauna bayan mun biya jika biyu. An ba da tambayar da ke da alamar "ƙasa da" a maimakon "daidai da", na warware komai daidai sai layin ƙarshe, amsata ta fito a juye. Da na kai wa Mushe sai ya mai da ita harshen shagonmu. Ya ce ɗan kabu-kabu ya sayi babur jika 500, wato sefa 500.000, kowace shekara darajarsa na raguwa da kashi goma cikin ɗari, yaushe zai faɗi ƙasa da rabin kuɗinsa? Wato 0,9ⁿ < 0,5. Da ln ya zama n ln 0,9 < ln 0,5. Na raba na rubuta n < 6,58. Ya ce, "Ɗana, kai ne ɗan kasuwa. Kana nufin sabon babur ɗan shekara ɗaya ya faɗi ƙasa da rabi, tsoho ɗan shekara goma kuma bai faɗi ba?" Na ga ba ta yiwuwa. Ln na duk lambar da ke tsakanin 0 da 1 yana ƙasa da sifili, ln 0,9 kusan −0,105 ne, kuma duk wanda ya raba da lamba mai alamar ragi dole ya juya bakin alamar. Amsar ita ce n > 6,58, wato shekara ta bakwai. Na gwada a shago washegari: bayan shekara shida babur ɗin na kan sefa 265.720, bayan bakwai ya sauko 239.148. Abin da ke yaudarar mutum shi ne rubutun ln 0,9 ba ya nuna ragi a fuskarsa, a ciki yake ɓoye.

Takardar kira ta fito ana saura kwanaki kaɗan, na je na karɓo ta da katin ɗan ƙasa, na kuma je na ga makarantar da aka tura ni da lambar tebur tun kafin ranar, don kada in yi ta yawon neman aji da safe. Na sa wa na'urata sabon batir. Ranar lissafi an yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo, na fita da wuri na isa da ƙafar wando a naɗe. Da aka raba takardu hannuna na rawa, na buɗe babbar tambayar, sai ga ɗan'uwan wanda muka yi da hunturu, e²ˣ da eˣ a layi ɗaya. Na yi bisimilla, na rubuta cewa na sa X = eˣ kuma X ya fi sifili, na fitar da delta, amsa ɗaya ta fito da ragi na jefar da ita na rubuta dalili, na koma ga ƙaramin x, na mai da shi cikin tambayar a takardar gwaji na ga sifili ya fito. Daga nan numfashina ya daidaita, sauran tambayoyin suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Jiran sakamako ya fi jarrabawar wuya, ina shago ina ba mai neman buji sarƙa. Ranar da aka kira sunaye muna tsaye a filin makarantar, na ji lambata a zagayen farko. Lissafi 13 na samu. Ƙanwata ma ta haye a tata cibiyar, Inna ta rasa wanda za ta fara runguma.

Idan zan taƙaita wa mai shirin bin wannan hanya abin da na biya kuɗi da lokaci kafin in gane, zan ce ya fara da laluben hannu kafin ya taɓa maɓallin ln, ko na dare ɗaya ne, har ya ji a jikinsa cewa ln tambaya ce. Ya sauke duk abin da ke kan e da gefenta kafin ya kawo ln. Ya tsaya ya dubi ɗaya ɓangaren, in sifili ne ko ƙasa da shi to babu amsa, ya rubuta haka. Ya bar amsarsa a siffar ln 5 ko (ln 7)/2 sai in an nemi kusan ƙimarta, don yanke lamba da wuri na ɓata lissafin gaba. Kuma kada ya raina kuɗin malami, ni abin da na kashe a zauren Mushe cikin wata takwas jika arba'in ne, bai kai kuɗin tayoyin da muke sayarwa a yini mai kyau ba. Wanda ba shi da hali ya nemi 'yan'uwansa biyu ko uku su riƙa gyara wa juna, domin kusan duk kuskuren da na lissafa a nan idon wani ne ya gano mini shi.

Bayan kwana biyu da sakamako na sayi goro da sukari da ganyen shayi na tafi unguwar Zariya yi wa Mushe godiya. Na tarar da shi a tabarma a ƙofar gida. Ya sa mini albarka, ya tambaye ni ko zan nemi gurbi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, na ce in Allah ya yarda. Sai ya jawo allon nan, ya ce kafin shayi ya nuna ga wata. Ya ce tsofaffin kaburburan Gobero da aka tono a Tenere da sinadarin karbon 14 aka auna shekarunsu, shi kuwa rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5.730. A ce an samu ƙashi da kashi 40 cikin ɗari na sinadarin ya rage a jikinsa, shekararsa nawa? Na karɓi allin, na rubuta 0,5 mai goye da t/5.730 daidai da 0,4, na kawo ln hagu da dama, ragi ya cinye ragi, na ce kusan shekara 7.575. Ya miƙo hannu ya karɓi na'urata, ya gyara zaman tabaransa, ya shiga dannawa da kansa.